Gupi, ɗan kifin da ke haihuwa a akwatin gilashi

Kifayen da muka saba da su, irin su tarwaɗa da karfasa, ƙwai suke saki. Gupi kuwa haihuwa yake yi. Macen tana riƙe ƙwan a cikinta na kwana 21 zuwa 30, sannan ta sako 'ya'ya masu rai, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, kuma nan take su kama iyo. Asalinsa ƙoramun Venezuela da Guyana da tsibirin Trinidad ne, inda Robert Lechmere Guppy ya kamo shi ya aika Landan a 1866. Namiji ba ya wuce santimita uku da rabi, amma shi ne mai ado: wutsiya baje, ja da shuɗi da ruwan goro. Macen ta fi shi girma, launinta a dishe.

Masu sayarwa kan ce kifi ne mai juriya, kuma gaskiya ne, sai dai wannan yabon ya jawo masa wulaƙanci. Ana jefa shi a kwalba, a cika da ruwan famfo, bayan mako guda a tarar da shi ya taso sama ciki a waje. Ruwan ne ya kashe shi. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce mai ƙona masa gaɓoɓin numfashi. Abin da ke karya ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama cikin soson matatar ruwa da tsakuwar ƙasan akwati, kuma sukan ɗauki makonni kafin su yi yawa. Shi ya sa sabon akwati ya fi tsoho haɗari, shi ya sa kuma ba a wanke soson da ruwan famfo, domin kulorin zai hallaka su. A matse shi cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Duk mako a canja kashi ɗaya cikin huɗu kawai, da ruwan da aka ɗiga wa maganin kashe kulorin. Akwatin lita 40 ya ishi mai farawa.

Abinci kaɗan, abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Zafin ruwa tsakanin digiri 22 da 28. A nan ƙasar Hausa daren hunturu da ranar bazara duk suna iya fita daga wannan iyaka, don haka a nisanta akwatin daga taga.

Sai maganar haihuwa. Namiji ba ya barin mace ta huta, saboda haka a haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku. Mace takan ajiye maniyyi a jikinta, ta haihu sau da dama daga barbara ɗaya, har wanda ya sayi mata zalla ya wayi gari da jarirai. Iyayen kan cinye 'ya'yansu idan babu ciyayi masu duhu da za su ɓuya.

Idan suka yi yawa, a raba wa maƙwabta ko a ware maza da mata. Kada a zuba su a rafi. An kai gupi ƙasashe da yawa don ya ci tsutsar sauro, ya kuwa bazu har kwatocin Legas, kuma a wurare da dama ya takura wa ƙananan kifayen da ya tarar.