Yadda Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin Wakilan AI

Wakilin AI, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake turawa ta yi aiki da kanta, ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. Abin da yake gani shi ne sunan kayan, ɗan rubutun da ke bayyana amfaninsa, da guraben da zai cika. Haka abin yake a MCP, tsarin haɗa wakilan AI da kayan aiki, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Da wannan rubutun wakilin ke yanke shawarar abin da zai ɗauka.

A ce an rubuta wa wani kayan aiki "yana neman kwastoma". Da suna ake neman, ko da lambar waya? In mutum biyu sunansu ɗaya ne fa? Duk abin da bayanin ya bari a duhu, wakilin zai cike shi da ƙiyasi, kuma ƙiyasi a harkar kuɗin mutane ɓarna ce babba.

Karanta bayanin kaɗai bai wadatar ba. Masu gwaji kan ɗora wa wakilin ayyuka na gaske masu yawa, su duba ko ya zaɓi kayan da ya dace, ko ya cika guraben daidai, da sau nawa ya maimaita kira kafin ya dace. Sai a gyara jimla ɗaya, a sake gwadawa. An fi yin tuntuɓe inda kayan aiki biyu suka yi kama, bayaninsu kuma bai faɗi lokacin da za a bar ɗaya a ɗauki ɗayan ba.