KIWON DAWAKI: Kwana bakwai na farko a rayuwar ɗan duƙushi

Tun zamanin kakanni doki yana da babban matsayi a ƙasar Hausa. Da dawaki Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a shekarar 1884, ya tsare iyakokin ƙasarsa. Bisa dawaki ake hawan salla a Damagaram da Maradi, kuma su ne ƙawar filin sukuwa na Yamai. Farin 1973 da na 1984 sun halaka dabbobi masu yawa, moto kuma ta karɓe wa doki aikin tafiya, amma har gobe wanda ya ɗaure goɗiya mai ciki a turke ya san dukiyar da ya ajiye. Wata 11 yake jira, wato kwana 340 ko kusa da haka, yana ba ta harawa da dussa da kanwa, duk don ɗa guda. Wannan wahala tana iya tashi a banza cikin kwana biyu ko uku, idan ƙwayoyin cuta suka shiga jinin ɗan duƙushi. Likitocin dabbobi sun shaida cewa babu cutar da ta kai wannan kashe ƴaƴan dawaki a makonsu na farko.

ABIN DA YA FARU A WANI ƘAUYE

A wani ƙauye na gundumar Tasawa, cikin hunturu, goɗiyar wani dattijo ta haihu da tsakar dare, kamar yadda goɗiyoyi suka saba. Ɗan ya fito lafiya, akawali mai farin goshi. Dattijon ya yi abin da ya gada: ya sa aka tatse dakashi, wato nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa, aka zubar, wai don kada ya ɓata cikin jariri. Aka kuma shafa wa cibiyar toka.

Ranar farko ɗan ya yi ta tsalle a gefen uwarsa, maƙwabta suna zuwa barka. A rana ta biyu da la'asar aka ga yana yawan kwanciya. Da asubahin rana ta uku, ɗan autan dattijon ya lura hantsar goɗiyar ta cika tam, nono yana zuba bisa ƙafafunta, ita kuma tana ta haniniya tana zungurin ɗanta da hanci. Yaron ya kira ma'aikacin kiwo da salula. Kafin hantsi ya iso bisa moto.

«Baba, tun yaushe rabonsa da tsotso?»

«Likita, ai barci ne yake yi. Jariri ba shi da aikin da ya wuce barci.»

«Baba, a gafarce ni. Ɗan doki mai lafiya ba ya barin hantsar uwarsa ta cika har ta zuba.»

Ma'aikacin ya sa ma'aunin zafi a duburar ɗan, ya karanta digiri 39,6. Ya ɗaga leɓensa, ya ga dasashi ya yi ja wur. Ya taɓa cibiya, ya ji ta da danshi da kumburi. Ya bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya tarar gwiwar baya ta hagu ta fi ƴar'uwarta zafi da girma. Sai ya gaya wa dattijon gaskiya: cuta ta shiga jini, ta fara sauka a gaɓa, kuma abin da za a yi yau ba ya jiran gobe.

INA CUTAR TAKE SHIGOWA

Ɗan Adam yana samun garkuwar jiki daga uwarsa tun yana ciki, ta hanyar mabiyiya. Ɗan doki ba haka yake ba. Mabiyiyar goɗiya tana da kauri, ba ta barin sinadaran garkuwa su ƙetare, saboda haka ɗan duƙushi yana faɗowa duniya kusan ba shi da abin kare kai. Garkuwarsa duka tana cikin dakashi. Hanjinsa yana ɗaukar ta sosai cikin awa 6 zuwa 8 na farko, daga nan ƙofar sai ta riƙa rufewa, bayan awa 24 kuwa ta rufe ke nan. A shekarun 1970 masu bincike a Ingila da Amurka suka tabbatar cewa yawancin ƴaƴan dawakin da cuta ke kashewa a kwanakin farko, waɗanda ba su sami isasshen dakashi ba ne. Ɗan duƙushi yana bukatar litir 1 zuwa 2 kafin ya wuce rabin yini. Wanda ya zubar da dakashi, maganin da ba a sayarwa a kasuwa ya zubar.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin da ke kawo wannan cuta, irin su Esherishiya koli da Kilebsiyela da Aktinobasilus, ba daga nesa suke zuwa ba: suna cikin kashin dabbobi da ƙasar barga da jikin uwar kanta. Suna shiga ta cibiyar da ba ta bushe ba, ko ta baki sa'ad da ɗan yake lasar ƙafafun uwarsa yana neman nono, ko ta huhu. Wani lokaci tun cikin mahaifa ɗan yake kamuwa. Goɗiyar da ta fara zubar da nono kwanaki kafin haihuwa tana ba da gargaɗi biyu: mai yiwuwa mabiyiyarta ta kamu da ciwo, kuma dakashinta yana tsiyayewa ƙasa tun ɗan bai zo ba.

ALAMOMIN DA ZA A DUBA

Likitocin dawaki suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: ɗaya, biyu, uku. Ɗan ya miƙe tsaye cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2, uwa ta yar da mabiyiya cikin awa 3. Duk wanda ya saɓa cikin ukun nan, a nemi taimako.

Ɗan duƙushi mai lafiya yana tsotso sau 5 zuwa 7 a cikin awa guda. Idan aka taɓa shi yana kwance, zumbur yake tashi. Fitsarinsa mai yawa ne, fari kamar ruwa. Zafin jikinsa yana tsakanin digiri 37,2 da 38,9. Marar lafiya kuwa kasala ce take fara kama shi. Zai tsaya ƙarƙashin uwa ba ya tsotso, nono yana zuba bisa goshinsa ya bushe. Sannan dasashi da farin ido su yi ja, a ga ɗigo-ɗigon jini cikin kunne, numfashi ya yi sauri. Zawo yana iya biyowa, ko ido ya yi hazo, ko cibiya ta yi ruwa.

Abu biyu suna yaudarar masu dawaki. Na farko, rashin zazzaɓi ba shaidar lafiya ba ne, domin jikin wanda cutar ta ci ƙarfinsa sanyi yake yi, kunnuwa da ƙafafu su yi ƙalau. Na biyu, idan ɗan kwana kaɗan ya fara ɗingishi, sai a ce uwarsa ce ta taka shi. Likitoci suna ɗaukar kowane ɗingishi a wannan lokaci a matsayin ciwon gaɓa, har sai an tabbatar ba shi ba ne, saboda ruwan ciwo yana cinye guringuntsi cikin kwanaki kaɗan.

AIKIN LIKITA

A manyan asibitocin dawaki na Turai da Amurka ana auna garkuwar da ke cikin jinin ɗan duƙushi: miligiram 800 cikin desilitir ya isa, ƙasa da 400 kuwa haɗari ne. Wanda ya gaza, ana yi masa ƙarin ruwan jinin wani doki ta jijiya. A ƙauyen nan babu wannan, kuma lokacin dakashi ya riga ya wuce. Abin da ya rage shi ne magani da jinya.

Ma'aikacin ya fara da ƙarin ruwa mai sukari ta jijiyar wuya, domin ɗan da bai sha nono ba sukarin jininsa yana faɗuwa da sauri. Sai ya haɗa masa magani biyu masu kashe ƙwayoyin cuta, penisilin da jantamisin, tun da kowanne yana da irin ƙwayoyin da yake kamawa. Ya bayyana dalilin da ya sa ruwa ya riga allura: jantamisin yana lalata ƙodar dabbar da jikinta ya bushe. Ya kuma yi masa allurar kariya daga tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, domin ba a taɓa yi wa uwar rigakafi ba. Washegari likitan dabbobi na gunduma ya zo da kansa ya wanke gwiwar da ta kumbura, ya fitar da ruwan ciwo da allura.

Dattijon ya nuna wata kwalbar maganin shanu da ya saya bisa tebur ran kasuwa. Ma'aikacin ya roƙe shi ya ajiye ta. Maganin da ya sha rana bisa tebur ba a san ƙarfinsa ba, kuma awon da ya dace da sa yana iya kashe jariri mai kilo 30. Ya ƙara da cewa kada a tsai da allura don an ga sauƙi. Ciwon jini yana son magani na mako 1 zuwa 2, wanda ya sauka a gaɓa kuwa yana kai mako 3 ko 4.

AIKIN MUTANEN GIDA

Allura minti biyar take ɗauka, sauran yini da dare na mutanen gida ne. Aka share rumfa, aka zuba sabon rairayi, aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, aka kewaye da zana saboda iskar hunturu. Aka lulluɓe ɗan da bargo, aka nisanta wuta don kada hayaƙi ya shiga huhunsa. Ba a bar shi kwance bisa gefe ba: aka tokare shi da buhunan ƙaiƙayi ya zauna bisa ƙirji, domin haka huhu ya fi buɗewa. Kowace awa 2 ana juya shi, ana tsai da shi bisa ƙafafunsa, ana sauya shimfiɗar da ta jiƙe, don kada fata ta yi gyambo.

Ɗan duƙushi mai lafiya yana shan nonon da ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyinsa a yini. Marar lafiya ana fara masa da kashi 10. Ga mai kilo 30, litir 3 ke nan, a raba sau 12: rubu'in litir kowace awa 2, dare da rana. Uwargidan dattijon ita ce ta riƙa tatsar goɗiya cikin ƙwaryar da aka wanke da sabuni da tafasasshen ruwa. Tatsar tana hana nonon uwa ƙafewa, tana kuma kare hantsa daga ciwo. Inda nonon uwa bai isa ba, na akuya ya fi na saniya dacewa da cikin ɗan doki.

A kan abu ɗaya ma'aikacin ya ja kunne ƙwarai: ba a yi wa ɗan duƙushi ɗura. Idan aka sa masa yatsa a baki bai tsotsa ba, to nonon da aka zuba huhu zai tafi, ya zama ciwon da ya fi na farko. Irin wannan sai likita ya zura masa roba ta hanci har ciki.

Daren rana ta biyar ya fi kowane dare tsanani. Ɗan ya ƙi ɗaga kai, yaron ya kwana zaune yana riƙe da shi. Da gari ya waye aka ga ya yi fitsari mai yawa, fari. A rana ta bakwai ya miƙe da kansa, ya yi tangaɗi ya nufi hantsar uwarsa. Ya rayu. Amma gwiwar ta warke da kauri, kuma likita ya ce zai yi hawan salla, sukuwa kuwa ba tasa ba ce. Kwana guda da aka yi ana cewa barci ne, shi ya ci gudunsa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Abin da zai hana wannan asara bai kai kuɗin buhun dussa ba. A yi wa goɗiya allurar rigakafin tetanos mako 4 zuwa 6 kafin haihuwa, domin kariyar ta taru cikin dakashi. Wannan rigakafi, wanda likitan dabbobi Gaston Ramon da abokan aikinsa suka kyautata a Faransa a shekarun 1920, doki yana cikin dabbobin da suka fi bukatarsa. A kwashe taki daga wurin haihuwa. A wanke hantsa da cinyoyin goɗiya kafin ɗan ya fara neman nono. A bar cibiya ta tsinke da kanta, sannan a tsoma ta cikin Bétadine da aka sirka da ruwa mai tsabta, sau 2 ko 3 a yini, har ta bushe. Toka da taki da man mota ba su da wuri a cibiyar jariri. Idan ɗan bai kama nono ba bayan awa 3, a tatsi dakashi a ajiye, a kira likita. A shimfiɗa mabiyiya a duba ko ta fito duka, domin guntun da ya rage a ciki yana iya kashe uwar.

Tun daga shekarun 2000 gundumomi da yawa na ƙasar Nijar sun sami likitocin dabbobi masu zaman kansu, tare da mataimakansu a ƙauyuka, ban da ma'aikatan kiwo na gwamnati. Ya kamata kowane mai goɗiya ya riƙe lambar ɗayansu tun cikin ya kai wata 10.

Goɗiyar dattijon ta sāke haihuwa bayan shekara biyu. A daren, shi da kansa ya riƙe fitila, ya hana kowa taɓa ƙwaryar tatsa, bai koma ɗaki ba sai da ya ji ƙarar haɗiyar dakashi a maƙogwaron jaririn.