Shirin Musamman: Ɗaga Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu da Zaɓen Tayoyinta

 A yau za mu dubi wani al'amari da ya yawaita a garejojin makanikai, wato ɗaga motar daji mai jan ƙafa huɗu domin ta ƙara tsawo daga ƙasa, da kuma zaɓa mata tayoyin da suka dace da ita. Wanda duk ya san hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma, ko ya hau tsaunin Mambila zuwa Gembu da damina, ko ya ga yadda baƙar ƙasar Dikwa da Ngala take riƙe mota idan ruwa ya sauka, ya san cewa ga direban da ke ɗauke da fasinja ko magani ko buhunan hatsi wannan magana ta rai da dukiya ce.

Tun shekarar 1948 da aka fito da Land Rover a Ingila, da 1951 da kamfanin Toyota na Japan ya ƙera motar da aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954, har zuwa samfurin nan na 70 da ya fito a 1984 wanda har yau shi ne abin dogaron matafiya Sahara, injiniyoyi ba su sa wa waɗannan motoci tsawo da ka ba, sai da suka auna nauyi da birki da sitiyari suka ɗora su bisa mizani guda, ta yadda duk wanda ya taɓa ɗaya daga cikinsu, ko ya sani ko bai sani ba, ya taɓa sauran.

To, mene ne haƙiƙanin abin da ɗagawa take yi? Idan bakanike ya cire sifirin na asali, ko mai falle-falle ne ko naɗaɗɗe, ya sa wanda ya fi shi tsawo da ƙarfi, abin da ya tashi shi ne bodi da firam ɗin da yake zaune a kai, saboda haka goshin mota da gindinta da cikinta za su rage dukan ƙasa a bakin kwazazzabo. Amma tukunyar aksil, wannan dunƙulen ƙarfe da ke tsakiyar tayoyin baya, wadda galibi ita ce ta fi komai kusa da ƙasa kuma ita ce ke fara kafewa a tudun tsakiyar hanya, tana nan inda take, ko da an ɗaga motar kamu guda, domin a kan tayoyi take zaune. Babu abin da ke ɗaga ta sai taya mai girma, kuma ko ita rabin abin da ta ƙaru da shi take bayarwa. Ga misali: taya mai lamba 265/70R16 tsayinta ya kusa santimita 78, mai lamba 285/75R16 kuwa ta ɗan haura 83, amma ribar da aksil ya samu ba ta kai santimita 3 ba. A bakin wannan riba, mota za ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai, birki ya ƙara wahala, agogon gudu kuma ya daina faɗin gaskiya, yana nuna kilomita 100 alhali ana gudun wajen 107.

Saboda haka tambayar da ta wajaba mai mota ya fara yi wa kansa ita ce nawa ne nauyin da motarsa take ɗauka kullum, kafin ya tambayi nawa za a ɗaga ta. Motar da ba ta rabuwa da jarkokin mai da na ruwa, da safaya biyu, da kaya a bisa kariya, tana bukatar sifirin mai ƙarfi wanda ba zai durƙusa ba. Amma idan aka sa irin wannan sifirin a motar da yawanci mutum biyu take ɗauka, za ta riƙa tsalle a kan gargada har ƙafafunta na baya su riƙa sakin ƙasa, wannan kuwa hatsari ne ba ƙarami ba. A ra'ayina, wanda kuma shi ne ra'ayin akasarin masu wannan sana'a, inci 2, wato kimanin santimita 5, ya wadatar wa mafi yawan bukatu, domin a wannan haddi sauran kayan mota suna iya jurewa ba tare da an sake su ba. Idan aka ƙetare shi, musamman a motoci irin su Hilux na zamani waɗanda kowace ƙafar gabansu take motsi ita kaɗai, sai shaf ɗin gaba ya karkace fiye da ƙima, robarsa ta yage, ƙura ta shiga ta cinye shi. Farfela ta fara karkarwa. Tiyon birki kuma ya miƙe har ya kusa tsinkewa duk lokacin da ƙafa ta faɗa rami.

Akwai sharuɗɗa da ba a wasa da su ko a ƙaramar ɗagawa. Sifirin mai tsawo yana tafiya ne da shoka mai tsawon da ya dace da shi, domin gajeriyar shoka ita za ta riƙa tare ƙafa har ta fashe. Ba a ɗaure notocin bushin sai an sauke mota daga jak ta zauna bisa nauyinta, kuma ana komawa a sake matse su bayan tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita. Wajibi ne a kai ta a daidaita ƙafafun gaba, a sunkuyar da fitilu don kada su kashe wa mai tahowa ido, sa'an nan a tsofaffin motocin da ke da bawul mai raba ƙarfin birki gwargwadon lodi, a sake saita shi, in ba haka ba birkin baya zai yi sanyi. Amma cusa guntayen ƙarfe da aka yanka a wajen mai walda a ƙarƙashin sifirin na gaba, wannan ganganci ne, kuma alhakin abin da ya biyo baya yana wuyan wanda ya sa da wanda ya yi.

Babbar mafsada dai ita ce kifewa. Kamar yadda raƙumin da aka tula wa kaya can sama yake tangaɗi a gangare, haka motar da aka ɗaga take saurin jirkicewa a kwana ko a gefen tudun yashi, balle a ce kariyarta cike take. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma ban ga inda wannan ƙa'ida ta fi dacewa ba kamar ga mutumin da yake son motarsa ta yi kwarjini a gari alhali iyalinsa ne a ciki.

Mu koma ga taya. Mai laushin zane ta kwalta ce, mai manyan haƙora ta taɓo ce, akwai kuma ta tsakiya mai alamar AT, wadda ita ce ta fi dacewa da wanda rabin tafiyarsa kwalta ce rabi burji. Mai manyan haƙora tana da kyaun gani, tana kuma zubar da laka da kanta, sai dai tana da ƙugi, tana saurin cinyewa a kwalta, tana santsi a kwaltar da ta jiƙe, a rairayi kuwa haƙa take yi har ta binne mota. Sirrin rairayi yana ga rage iska, a sauko da ita zuwa kamar awo 18 a geji domin taya ta shimfiɗu, a tafi a hankali ba tare da kaifin kwana ba, a kuma mayar da iskar da zarar an taka ƙasa mai tauri, tun da taya mai ƙarancin iska idan ta yi gudu da lodi zafi take ɗauka ta fashe. Wannan ne ya sa direbobin hamada ba sa rabuwa da famfo da geji, kuma da yawansu har yanzu siririyar tayar nan mai lamba 7.50R16 suke so.

Duk abin da mai saye yake bukatar sani an rubuta shi a gefen taya. Haruffan LT suna nufin an yi ta ne da ƙarfin ɗaukar kaya. Lambar da ke bin girmanta tana faɗin iyakar lodi: 112 tana ɗaukar kilo 1,120, 121 kuwa kilo 1,450. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ne ranar haihuwarta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, saboda haka 2319 tana nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, a zafin ƙasarmu kuwa tsufan ya fi sauri. Tun da masana'antun Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a Nijeriya kasuwa ta cika da na gwanjo, waɗanda wasunsu sun gama rayuwarsu a Turai kafin su iso, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma ta sha yin gargaɗi a kansu. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi ɗagawa ya kuma sayi sababbin tayoyi ba, ya bar ɗagawar, ya sayi tayoyin, guda biyar har da safaya, girmansu ɗaya, zanensu ɗaya, domin tayoyi mabambanta suna wahalar da giyar jan ƙafa huɗu.

Ya kai mai mota, kafin ka kai ta gareji, ka loda ta kamar yadda ka saba ka auna ta, ka duƙa ka karanta lambobin tayoyinka, kuma ka nemi bakaniken da zai gaya maka abin da zai gyara bayan ya ɗaga.