Gem Marar Ƙarshe: Abin da Ke Hana Yaro Ajiye Waya

Wasannin bidiyo, waɗanda matasa ke kira gem, sun kasu biyu idan aka dubi yadda ake tashi daga kansu. Akwai mai wa'adi, irin ƙwallon PES da FIFA da ake bugawa a gidajen gem na Gusau da Tsafe da Bungudu: a biya kuɗi, a buga, alƙalin wasa ya hura usur, wanda aka ci ya ba na gaba wuri. Akwai kuma wanda ba a yi masa wurin tashi ba. A irin wannan ana sakin mai wasa ne cikin wata duniya mai faɗi, ya je inda ya ga dama, ya gina abin da ya so.

Fitacce a cikinsu shi ne Minecraft, wanda wani ɗan ƙasar Suwidin, Markus Persson, ya fara fitarwa a 2009. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Wanda matasan Arewa suka fi sani shi ne GTA San Andreas na 2004, da ya yi tashe a na'urar PS2 kafin ya sauko cikin waya. Free Fire (2017) da PUBG Mobile (2018) kuwa kowane zagaye yana ƙarewa, amma matsayi da kyaututtuka ba sa ƙarewa, don haka su ma sun shiga sahun.

Abu na farko da ke riƙe mutum shi ne aikin da bai kammala ba. A Minecraft mai wasa yana farawa hannu rabbana. Ya sari itace ya ƙera abin haƙa, ya haƙo dutse, dutsen ya kai shi ga ƙarfe, ƙarfen ya kai shi ga lu'ulu'u. Yini da dare a cikin wasan minti 20 ne kacal, dare na yi dodanni su fito, dole a yi ɗaki. An gama ɗaki sai a ga ba katanga, an yi katanga sai gona. Ko an kashe babban dodon ƙarshe, duniyar tana nan tana jira. Saboda haka yaron da ya ce wa mahaifiyarsa “bari in ƙarasa wannan” ba lallai ƙarya yake yi ba. Abin da zai ƙarasa ɗin ne ba ya ƙarewa.

Na biyu shi ne ladan da ba a san lokacin zuwansa ba. A shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna cewa tattabarar da ke samun hatsi jefi-jefi idan ta caki maɓalli ta fi nacewa a kan wadda ke samu a ƙayyadadden lokaci. Masu ƙera gem sun san wannan sarai. Akwatin da ake buɗewa da “dayamon”, wato kuɗin cikin gem da aka saya da kuɗin gaske, ba tare da sanin abin da ke ciki ba, a kan wannan ɗabi'a aka gina shi. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna na kuɗi caca ce. Sai kuma kyautar kullum da ke wuce wanda bai leƙa ba, da abokan tawaga da ke kira tsakar dare cewa saura mutum ɗaya.

A Zamfara akwai wani dalili na daban, kuma shi ya fi wuyar magani. Matsalar tsaro ta taƙaita zuwa gona da tafiye-tafiye da hirar dare a wurare da dama. A Satumbar 2021 an rufe makarantun jihar bayan sace ɗalibai a Maradun, aka kuma katse layukan waya. Ko a irin wannan hali Minecraft da GTA suna aiki, tun da ba sa buƙatar data, caji kawai suke so. Saurayin da ba shi da aiki, ba ya iya fita yadda yake so, a cikin gem yana da gida da mota da iko. Iyaye kuma hankalinsu kwance tun da yaro yana ɗaki, ba ya yawo. Wannan kwanciyar hankalin ita ke sa a daɗe ba a lura ba.

Ba kowane mai buga gem ne ke da matsala ba, har ma akwai nau'in Minecraft da ake koyarwa da shi a makarantu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar gem a jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a Janairun 2022, ta kuma bayyana cewa kaɗan ne daga masu wasa abin ke kaiwa haka. Alamomin uku ne: kasa tsayar da kai, fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da ɓarnar da ta bayyana, galibi na tsawon wata 12. Yawan awanni shi kaɗai ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne abin da wasan ya ture: sallar Asuba, hadda a Islamiyya, abinci, barci. Kuɗin aike su riƙa ƙarewa a data da shagon caji, yaro ya riƙa gyangyaɗi a aji, ya hau faɗa idan an taɓa wayar.

Tun da wasan ba ya kawo wurin tsayawa, daga waje za a kawo shi. Ƙasar Sin ta yi nata da doka a Agustan 2021: 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi da ranakun hutu don gem na intanet. A gida lokutan salla sun isa ma'auni, misali daga La'asar zuwa Magariba, a kuma yi yarjejeniyar kafin a kunna, ba ana tsaka da wasa ba. Waya ta kwana a ɗakin iyaye, kada a haɗa ta da katin banki. Manhajar Family Link tana kulle wayar Android idan lokacin da aka sa ya cika. Fasa waya da duka ba sa raba yaro da gem, wayar aboki yake komawa. Ya fi amfani a cike gurbin da ƙwallon fili a unguwa ko koyon sana'a.

Idan abin ya kai ga barin makaranta, ɗauke-ɗauke, ko ƙuncin rai mai tsawo, a kai yaron ga likita a asibitin gwamnatin tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Jihar Sakkwato.