Hausa da Fulfulde a Jalingo: Inda suka bambanta da dalilin da ɗaya ya rinjayi ɗaya

Sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar Jalingo kaɗai sun isa su nuna tarihin harsunan garin. Barade jam'in barde ne, wato mahayan dawakin yaƙi na sarki. Kusa da ita akwai Majidaɗi da Turaki da Sarkin Dawaki, dukkansu sarautun da aka sani a ƙasar Hausa. Amma sunan garin kansa na Fulfulde ne, ana fassara shi da nasara, kuma Sarkin Muri Muhammadu Nya, wanda ya mayar da fadarsa nan a 1893, Bafulatani ne. A yau, a babban birnin jihar Taraba da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991, Hausa ce ke haɗa Bafulatani da Mumuye da Jukun a kasuwa, kuma gidajen Fulanin gari da dama na renon yaran da ba su jin Fulfulde sosai.

Duk da wannan cuɗanya, harsunan biyu ba dangin juna ba ne. Masana sun sanya Hausa a reshen Chadi na babban gidan da ya haɗa da Larabci da Amharik. Fulfulde kuwa 'yan'uwansa na kusa suna can Senegal, wato Serer da Wolof.

Bambanci na farko da kunne ke kamawa shi ne karin sauti. A Hausa, hawa da saukar murya ne kawai ke raba kukan yaro da kukar miya. Fulfulde ba ya rarrabe ma'ana ta wannan hanya. Haka kuma ba shi da ƙ da ts, ko da yake harsunan biyu sun yi tarayya a ɓ da ɗ.

A nahawun suna ne tazarar ta fi faɗi. Hausa ta raba kowane tilo zuwa namiji ko mace, har abin da ba shi da rai: gida ya rushe, mota ta lalace. Fulfulde bai san wannan rabo ba, kalmar o ita ce shi, ita ce kuma ita, abin da ya sa makiyayin da ya koyi Hausa da girma kan ce wa mace kai. Maimakon jinsi, yana da azuzuwan suna fiye da 20, kowanne da ɗafa-ƙeyarsa da wakilin sunansa. Saniya, nagge, tana aji ɗaya da rana, naange, da wuta, yiite. Ƙari a kan haka, harafin farko na kalma yakan sauya idan an yi jam'i: Pullo ya zama Fulɓe, gorko, wato namiji, ya zama worɓe, debbo, wato mace, ta zama rewɓe. Akwai kuma wata ƙwarewa da Hausa ba ta da ita. Idan Bahaushe ya ce mu, ba a sanin ko ya haɗa da wanda yake yi wa magana. Fulfulde yana da enen, mu har da kai, da minen, mu ban da kai.

Zaman tare ya bar alama a ɓangarorin biyu. Baffa da kawu da goggo da dattijo da arɗo duk daga Fulfulde suka shigo Hausa, yayin da Fulfulden Adamawa ya ɗauki sai da dole daga Hausa.

Tambayar ita ce, me ya sa harshen masu sarauta bai zama harshen gari ba? Ƙasar Indunusiya ta taɓa fuskantar irin wannan lamari, kuma abin da ya faru can yana taimakawa wajen gane na nan. Turawan Holand sun kafa birnin Batavia, wanda yanzu ake kira Jakarta, a tsibirin Java a 1619, suka daɗe a can fiye da shekara 300. Harshensu ɗan'uwan Ingilishi da Jamusanci ne, ba shi da wata alaƙa da harshen Java, wanda mutane sama da miliyan 60 ke magana da shi. Harshen Java yana da tsohon adabi da rubutunsa na kansa, har da wani ajami mai suna Pegon. Yana kuma da matakan girmamawa masu tsauri: da aboki ana amfani da ngoko, da babba ana komawa krama, inda kalmomin kansu ke canzawa. Gida omah ne a na farko, griya a na biyu. Harshen Holand ba shi da irin wannan tsari, ya dai bar kalmomi kamar kantor, wato ofis, da sepur, wato jirgin ƙasa, kamar yadda Ingilishi ya bar wa Hausa tebur da mota.

Da matasan ƙasar suka taru ranar 28 ga Oktoba, 1928, ba su zaɓi harshen mai mulki ba, ba su kuma zaɓi na masu rinjaye ba. Sun ɗauki Malay, harshen fatake da tashoshin jiragen ruwa, wanda tsarin mulkin 1945 ya tabbatar a matsayin harshen ƙasa.

A yankin Binuwai, Hausa ce ta taka rawar da Malay ya taka. Fatake da malamai da sojoji ne suka yaɗa ta, sannan Turawan mulkin mallaka suka ɗauke ta don gudanar da Arewa. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939. Fulfulde, wanda Shehu Usman Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u suka yi waƙoƙi da shi cikin ajami, bai samu wannan gata na ɗab'i ba. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci Ingilishi da Hausa da Igbo da Yarbanci a matsayin harsunan Majalisar Tarayya, babu Fulfulde a ciki.

Wasu kan ɗora laifin a kan wahalar nahawun Fulfulde, amma wannan hujja ba ta da ƙarfi. Da an tsallaka iyaka zuwa arewacin Kamaru, a Garwa da Marwa da Ngaundere, Fulfulde ne harshen kasuwa, kuma ƙabilun da ba Fulani ba suna ciniki da shi kullum. Sai dai a bakinsu yawancin azuzuwan sunan sun ragu, sauyin harafin farko ma ba kowa ke kiyaye shi ba.