Wayar Ma'aikaci, Amanar Jama'a



A Kano, idan aka ƙwace wa mutum waya, abin da ake fara tambayarsa shi ne, "Ba su dai ji maka ciwo ba ko?" Daga nan sai, "Nawa ka saye ta?" Da wuya ka ji an tambayi abin da ke cikinta. Alhali in wayar ma'aikaci ce, asarar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauki hoton sakamakon gwajin majinyaci ta tura wa likita ta WhatsApp. Akawu yana ɗauke da takardar albashi da lambobin asusun abokan aikinsa. Masu waɗannan bayanai ba su san sirrinsu na yawo a aljihun wani cikin adaidaita sahu ba.

Wannan amana ce, kuma doka ta shigo cikinta. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. In bayanan mutane suka fita ta yadda za a iya cutar da su, wajibi ne ma'aikatar ta sanar da hukumar cikin awa 72 da samun labari. Tarar manyan kamfanoni tana iya kai naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Saboda haka ma'aikacin da ya ɓoye ɓatan wayarsa don tsoron faɗan oga, ya ba ɓarawo lokaci ne kawai.

Sau da yawa ma layin ɓarawon yake so. Ko wayar na kulle, zai zare sim ya sa a wata, sai saƙonnin banki da lambobin tabbatarwa su riƙa faɗo masa. Maganin yana cikin saitin wayarka: sa wa sim ɗin lambar sirri. In aka yi kuskure sau 3, sai layin ya kulle.

Sai wajen gyara. Yawancin masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre mutanen kirki ne masu neman halal, amma duk da haka, kafin ka miƙa lambar buɗe waya, fita daga imel ɗin ofis, ka cire sim, ko ka tsaya a gyara a gabanka.

Ku kuma shugabannin ma'aikatu, bai dace ku bar ma'aikaci da wayarsa ta gida, wadda yara ke wasa da ita da daddare, ta zama ma'ajiyar takardun ofis ba. Ku tanadi wayar aiki, ku faɗa wa kowa wanda zai kira nan take in ta ɓace.

Mai sauraro, kafin ka kwanta yau, danna *#06#, ka rubuta lambar IMEI da ta fito, wato lambar shaidar wayarka, a takarda, ka adana a gida.