Ina Ruwan Kano Yake Kwana a Da?

A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari a Kano, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da leshi na miliyoyin naira. Asarar ba ta tsaya kan Kanawa ba, domin daga wannan kasuwa 'yan kasuwar Jega da Aliero da Maiyama, har da na Maraɗi da Damagaram, suke saro kaya. Da rani ya kama, a birnin nan dai, sai ga magidanta tsaye bakin ƙofa suna jiran kurar 'yan garuwa. Rijiyoyin tsakar gida da yawa sun ƙafe, masu haƙa burtsatse kuma sai sun yi nisa a ƙasa kafin su tarar da ruwa. Gari ɗaya, shekara ɗaya, ruwa ya yi ɓarna don yawa, ya kuma yi ɓarna don rashi. Ruwa ba ya tsami banza.

Wanda aka fara kamawa shi ne sauyin yanayi, kuma akwai shaida a kansa. A 2017 mujallar Nature ta buga binciken Christopher Taylor da abokan aikinsa, waɗanda suka bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, suka gano cewa manyan haduran da ke zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel. Wannan ya bayyana ambaliya. Bai bayyana rijiya ba. In da yawan ruwan sama ne kaɗai matsalar, ai da rijiyoyi sun fi da cika.

Sai aka koma kan leda da shara, da shagunan da aka dasa a kan hanyoyin ruwa, waɗanda 'yan Kwari da kansu suka nuna wa yatsa a lokacin. Su ma da hannunsu a ciki, duk wanda ya leƙa lambatu a watan Yuli ya sani. Amma a ce yau an yashe kowace kwata, an buɗe kowane kwalbati. Abin da zai faru shi ne ruwan zai ƙara gudu, ya bar wannan unguwa ya auka wa ta ƙasa da ita, rijiya kuwa tana nan a bushe. Lambatu aikinsa korar ruwa. To tsohon birni ya yi ɗaruruwan shekaru babu lambatun siminti ko ɗaya. A ina ruwansa yake kwana?

Bakin zaren yana cikin ƙorafin baƙi. Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, Heinrich Barth a 1851, kuma dukansu sun rubuta labarin fadamar Jakara da ta ratsa gari ta gefen Kasuwar Kurmi, da ruwan da ke kwance nan da can tsakanin gidaje. Su abin ƙyama suka gani. Mai neman amsar tambayarmu kuwa, abin da ya kamata ya tambaya shi ne wa ya haƙa ramukan.

Magina ne. Gidan ƙasa daga ƙasar unguwarsa ake gina shi: a haƙo, a kwaɓa da ciyawa, a cura tubali, a shanya, a ɗora. Bayan damina a sake haƙowa a yi yaɓe. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12 ita ma daga gefenta aka ɗebi ƙasarta, shi ya sa jerin kududdufai ya bi layinta, kamar waɗanda mutane suka sani a gefen titin BUK, daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya. Ga lissafin da babu wanda ya zauna ya tsara shi: duk ƙasar da ta hau sama ta zama katanga, ta bar rami daidai girmanta. Gari na ƙaruwa, ma'ajiyar ruwansa na ƙaruwa tare da shi. Indararo ya zubo a tsakar gida, tsakar gida ta sha abin da za ta sha, saura ya bi lungu ya gangara kududdufi, in ya cika ya tumbatsa zuwa na gaba, har Jakara.

Nan ne rijiya take shigowa cikin labarin. Kano a kan dutse take zaune. Ruwan da rijiyoyinta ke samu yana cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogin da ke saman wannan fa, kuma ruwan sama ne ke ciyar da shi. Kududdufin da ya riƙe ruwan Agusta har zuwa hunturu yana tsiyayar da shi ƙasa a hankali. Ramin da ya hana ruwa shiga ɗaki da damina shi ne yake ba rijiya abin sha da rani. Laifi biyu, ashe, wuri ɗaya aka aikata su.

Saura a gano yadda ramin ya ɓace. Bulo da siminti ne suka fara raba shi da aikinsa. Kuɗin man fetur da na ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da jiragen siminti suka yi cincirindo a tashar Legas, sun sa gidan ƙasa ya zama alamar talauci. Gidan bulo yashinsa daga kogi tifa ke kawo shi, ba ya barin rami a unguwa. Yana dai kawo rufin kwano da daɓen siminti. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, a ruwan dare ɗaya mai milimita 50, zai zubo da lita 5,000, wato jarka 200 mai cin lita 25. Gida ɗaya ke nan, kuma ko ɗigo ba zai shiga ƙasa ba in an daɓe tsakar gidan.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne lokacin da wannan ya faru. Tsarin raya birnin Kano na shekara ashirin da B. A. W. Trevallion ya jagoranta ya ɗauki 1963 zuwa 1983, kuma rabinsa na biyu ya faɗa cikin shekarun fari: na 1973, sannan wa'adinsa ya ƙare daidai shigowar na 1983 da 1984. A tsakanin nan Dokar Mallakar Filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. Mutanen da suka taso suna ganin kududdufi a bushe ko rabin cika ba su ga dalilin barinsa ba. Ya zama juji, jujin ya cika, dillali ya ga fuloti, takarda ta fito. Da ruwa ya dawo daga shekarun 1990, ya tarar an gina shago a makwancinsa. Ita kanta Jakara, a zangon mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu aka fara aikin rufe ta da titin Wuju-Wuju. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ma ya taɓa rufe rafin Cheonggyecheon da titi, daga baya ya kashe maƙudan kuɗi tsakanin 2003 da 2005 ya rushe titin ya buɗe rafin.

Ba zan yi wa kududdufi kwalliya ba. Wanda muka gada a yau matattarar ruwan kwata ne, gidan sauro da tsargiya, kuma ya ci yara. Uwar da ta yi murna ran da aka cike na bayan gidanta tana da hujja. Sai dai abin da ya lalace a cikinsa ƙazantar da ake turawa ce da rashin shinge, kuma duka biyun suna da magani mai araha in aka gwada da kuɗin haƙa sabon tafki a tsakiyar gari: a karkatar da ruwan bayan gida, a sa raga ta tare leda a mashiga, a yi matakala da katanga, a buɗe mafita zuwa rami na gaba, a yashe shi da rani.

Masu hasashen yanayi ba su haɗu a kan ko jimillar ruwan Sahel za ta ƙaru ko za ta ragu ba nan da shekara hamsin. Injiniya mai zana lambatu dole ya zaɓi adadi ɗaya ya yi aiki da shi, in ruwa ya wuce adadin, lambatun ya gaza, in fari ya zo, ya kori ɗan abin da aka samu. Rami ba ya bukatar a san amsar: a shekarar marka ya rage ƙarfin ambaliya, a shekarar fari ya adana abin da ya sauka. Shi ma yana da iyaka. Zhengzhou ta ƙasar Sin tana cikin biranen da suka zuba kuɗi a irin wannan tsari na barin ƙasa ta sha ruwa, amma ta nutse a Yulin 2021 da aka yi ruwan da ya wuce milimita 200 cikin awa ɗaya.

Jega da Aliero da Maiyama na jihar Kebbi, waɗanda 'yan kasuwarsu ke saro kaya a Kwari, ba a kan dutse irin na Kano suke ba, kuma babbar barazanar Jega daga Gulbin Zamfara take zuwa, kamar yadda ambaliyar 2020 ta nuna wa manoman shinkafar jihar. Wannan ma ƙarin dalili ne na barin ramukan, domin ran da gulbi ya cika, lambatun gari ba shi da inda zai juye ruwansa. Jega na faɗaɗa a mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, Aliero na cika da gidajen haya tun da aka kafa jami'a a 2006, kuma duk garin da aka gina da ƙasa yana da ramukansa a gefen tsohuwar unguwa. Kafin tifa ta fara juye musu ƙasa, ƙaramar hukuma da masu unguwanni za su iya zagayawa su rubuta kowanne: zurfinsa, inda ruwa ke shigar masa, inda yake fita, da sunan wanda ke riƙe da takardar filin.